Ɓawon Cukun Alhaji

Shekarar da aka yi ruwan nan mai yawa a Alƙahira, har ya shigo ɗakina na ƙasan bene ya jiƙa mini katifa, ita ce shekarar da cukun Italiya ya shigo gidanmu. Lokacin ina kuku a gidan wani Alhaji ma'aikacin ofishin jakadanci, a unguwar Madinat Nasr. Na daɗe a gidan. Tuwo da miya duk a hannuna suke, kuma Alhaji ba ya tashi daga kan abinci sai ya leƙo kicin ya ce, "Baba kuku, sannu da aiki." Wannan sannun nake jira kullum.

Sai baƙi suka fara yawa, Hajiya ta ce a ƙaro hannu. Aka kawo wani Ba'agade, magidanci ne amma na girme shi sosai. Ya taɓa aiki a gidan abinci a Italiya kafin ya faɗo Masar. Mutum ne mai fara'a, yana kirana Yaya, kuma bai taɓa yi mini rashin kunya ba. Na so a ce ya yi, da na sami abin riƙewa.

Ba a daɗe ba Alhaji ya je taro Italiya, ya dawo da wani ƙaton yanki na cuku, nannaɗe a takarda. Na san cukun Buzaye tun ina yaro, na san gibna rumi da Misirawa ke sa wa a burodi, amma wannan daban ne. Tauri kamar sabulun da ya shekara, launinsa ruwan ƙwai, a jikin ɓawon an buga haruffa da ɗigo-ɗigo. A lokacin na fara koyon karatu wajen wani ɗalibi a unguwar Hayyin Ashir, sai na sa yatsa ina bin haruffan. Ba'agaden bai ko duba ba. Ya shinshina kawai, ya lumshe ido.

"Nonon saniya ne, Yaya. Sai ya shekara biyu a ajiye kafin a fasa shi."

"Shekara biyu? A garinmu nonon da ya kwana uku kare ake ba."

"Karen garinku ya more," in ji shi, yana dariya.

Hajiya ta shigo ta yanke hukunci: kada kowa ya taɓa cukun nan sai shi. Ta ce kowa, amma mu biyu ne kaɗai a kicin ɗin.

Daga ranar taliya ta hau teburin Alhaji. Ba'agaden zai dafa ta, ya ɗauki cukun da magogi ya bi tire har falo, ya goga a gaban Alhaji, garin yana zuba kamar tsaki. Ni kuwa ban taɓa shiga falon cin abinci ba, don a yadda na taso kuku ba ya tsayawa kan mai gida yana ci. Ina daga bayan ƙofa ina jin su. Alhaji yana tambayarsa labarin Italiya, yana ba shi amsa, suna dariya. Tuwona yana dawowa da rabi. Alhaji ya riƙa leƙowa yana cewa, "Ina ɗan Italiyan?" Ni sai ya ɗaga mini hannu ya wuce.

Duk sanda na buɗe firji na ga takardar nan a kan kantar sama, sai in kau da kai.

Wata Juma'a Alhaji ya gayyato ɗalibai 'yan gida daga unguwar Darrasa, ya ce a yi musu tuwon shinkafa, sun yi kewarsa. Na yi murna. Na je wajen Sudaniyawan Hayyin Ashir na sayo busasshiyar kuɓewa. Da na buɗe gwangwanin daddawa sai na tarar saura ƙura, wanda zai kawo mana daga gida bai iso ba. Miyar kuɓewa ba daddawa, ga baƙi.

Ba'agaden yana tara ɓawon cukun a wata leda. Na buɗe na shinshina. Wallahi akwai ɗan warin nan na abin da ya daɗe, dangin na daddawa. Yana can yana shirya tebur, sai na ɗauki guntu biyu, na kankare bayansu, na jefa cikin romon naman, na rage wuta. Suka yi laushi, suka saki mai. Na tsame su kafin in kaɗa kuɓewar. Da na ɗanɗana sai da na zauna. Ban taɓa yin miya irinta ba.

Ba'agaden ne ya kai tiren. Ina bayan ƙofa na ji falo ya yi tsit, sai ƙarar kwanuka. Can Alhaji ya ce, "Kai! Wannan cukuna nake ji a miyar nan? Ɗan Italiya, aikinka ne wannan!"

Na jira. Na ji Ba'agaden ya ce, "Ranka ya daɗe." Bai ƙara ba. Wani ɗalibi ya ce a ba shi ƙari, ko zai makara darasi.

Ba'agaden ya dawo kicin yana sosa ƙeya.

"Yaya, wallahi bakina ne ya yi nauyi. Ya zan ce wa Alhaji ba haka ba ne a gaban baƙi?"

"Ma'alish, ba komai."

"In gaya wa Hajiya?"

"Ka ce mata me? Na taɓa abin da ta ce kada a taɓa?"

Ya juya ya hau wanke kwanuka. Ni ma ba zan je da furfurata in tsaya gaban mai gida in ce ni ne a yaba wa ba.

Washegari Hajiya ta kira ni. Ta ce Alhaji ya ce daga yau Ba'agaden ya riƙa yin miya, ni in huta, in riƙe cefane da tuƙin tuwo. Ta faɗe shi kamar kyauta take ba ni. Na ce na gode.

Da la'asar Ba'agaden ya same ni ina wanke shinkafa. Ya tsuguna kusa da ni.

"Yaya, can Italiya ma suna sa ɓawon a miyarsu, amma ni ban iya kaɗa kuɓewa ba. In na yi, gudaji take yi."

Na ci gaba da wanke shinkafar. Idan na ƙi koya masa, miyar za ta lalace, a gane. Amma Alhaji ne zai ci ta, kuma ban taɓa bari a kai masa abin da bai yi daɗi ba. Na ce ya miƙo maburgi. Na nuna masa yadda ake barbaɗa garin a hankali, hannu ɗaya yana kaɗawa. Kansa na ja, nan da nan ya iya.

Na ci gaba da zama a gidan har aka mayar da Alhaji Abuja. Abin da ya fita daga hannuna a wannan shekarar: miyar kuɓewa, miyar kuka, miyar taushe, babbar tukunyata, da maburgi biyu da na zo da su daga gida.