Goshin Zaituna

A unguwar Mandawari, in ka ga mace ta fito girarta a ɗage kamar wadda aka faɗa wa labarin mamaki, ba sai ka tambaye ta abin da ya faru ba. Daga gidan 'Yardada take. Kitso ne ya janye fatar goshin sama, kuma sai ya kwana uku kafin girar ta sauko mazauninta.

'Yardada makitsiya ce. Shekara talatin da 'yan kai tana wannan sana'a a tsakar gida ɗaya, a kan kujera 'yar tsugunno ɗaya, da kibiyar kitso ɗaya wadda ta gada wurin gwaggonta. Kakanninta Fulani ne da suka sayar da shanu suka zauna a birni. Ba su bar mata ko ɗan maraƙi ba, sai dogon hanci, da kunya, da yatsun da in suka kama gashi ba su san saki ba. Shuku take yi, da kalaba, da zane, kuma kowanne sai ya yi wata guda cur ko sili ɗaya bai tashi ba. Da wannan ta yi suna. Matan unguwa kan sha maganin ciwon kai ƙwaya biyu tun daga gida, kamar yadda matafiyi ke yin guzuri, sannan su zo su miƙa kai. Wadda ta yi ƙara, 'Yardada ta dungure ta da bayan kibiya ta ce kitson da bai sa hawaye ba ai wasan yara ne. In an gama kuwa a yi godiya, a sa albarka, a tafi gida a kwana a kife saboda ƙeya ba ta taɓuwa.

Abu ɗaya ne ya tsaya wa 'Yardada a rai, shi ne goshin Zaituna.

Zaituna 'yarta ce ta fari, don haka ba ta taɓa kiran sunanta ba. A gidansu haka aka tarar: uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa. In za ta kira ta sai ta ce "ke", in za ta ba da labarinta ta ce "yarinyar nan", ko da yake yarinyar ta ba shekara talatin baya, da 'ya'yanta uku. A ɗakin kakarta ta tashi, can take ci, can take kwana. Hanya ɗaya ce al'ada ta bari a buɗe tsakaninsu, ita ce kitso, don ba wanda zai ce makitsiya ta yi rashin kunya saboda ta yi wa 'yarta kitso. Tun Zaituna na da shekara huɗu, duk Alhamis ta biyu a wata take ɗora kanta a cinyar uwarta. Ita kuma uwar, duk abin da bakinta ya kasa faɗa sai ya gangaro yatsunta. Ba kan da take ja kamar wannan.

To, goshin nan ne ya dinga ja da baya. Gashin gaba ya kwashe kamar faɗin yatsa uku, gefe da gefe ma ya fara bin sahu, har Zaituna ta koma ɗaura ɗankwali a kan gira ko a cikin ɗakinta. 'Yardada kuwa ba ta sha wahalar gano mai laifi ba. Rijiyar gidan mijin ce. An kai Zaituna unguwar Dukawuya, gidan mijinta Malam Tajuddeen mai sayar da jakunkunan fata a kasuwar Kurmi, kuma ruwan rijiyarsu zartsi ne, ko sabulu ba ya kumfa. Akwai hoton bikin Zaituna a rataye a ɗakin 'Yardada, wanda duk mai ido zai ga goshin ya riga ya fara tafiya tun kafin a kai ta, amma laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani.

Malam Tajuddeen, bawan Allah, bai yi musu ba. Aka ce ya daina ba ta ruwan rijiya, ya koma sayen na 'yan garuwa. Aka ce su ma ba a san inda suke ɗebowa ba, ya ce to. Daga nan 'Yardada ta ɗauki nauyin abin da kanta. Duk mako sai ta cika jarka biyu a famfon Mandawari ta sa a adaidaita sahu a kai Dukawuya, na wanke kai kawai. Shekara tara ana wannan jigila. Ta haɗa man kaɗanya da man shanu da hulba, ta karɓo rubutu, ta yi sadakar ƙosai. Kuma duk Alhamis ta biyu sai ta ƙara kama 'yan silin da suka rage a gaba ta cusa su cikin kitso da ƙarfi, wai don kada su ma su gudu.

Ana nan sai mai unguwa ya sa aka yi shela cewa wata likitar fata daga babban asibiti za ta riƙa zama a ɗakin shan magani na unguwa ran Talata. Bincike take yi a kan zubewar gashin mata, kuma duk wadda ta yarda za a duba ta. 'Yardada ta ji daɗi ƙwarai. Ba magani take nema ba, shaida take nema. So take likita ta faɗa da bakinta cewa rijiya ce, a rubuta a takarda, ta aika wa dangin Malam Tajuddeen da suka daɗe suna yi mata kallon mai rigima. Ta ɗura ruwan rijiyar a robar lemo, ta yafa mayafi, ta tasa Zaituna a gaba.

Da suka isa, bencin jira ya cika. 'Yardada ta duba, ta ga Sa'ida matar liman, ga Binta mai awara, ga Hajiya Sa'adiyya da 'ya'yanta biyu, ga wasu har bakin ƙofa. Babu wadda ba ta san ƙeyarta ba. Wurin ya yi mata kama da tsakar gidanta ranar jajibirin Sallah. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya ana gaisawa, tana mamaki a ranta yadda ruwan zartsi ya yaɗu haka har cikin Mandawari.

Likitar, Dakta Muhsina, 'yar siririya ce mai magana a hankali. Ta gaida 'Yardada da Mama, ta karɓi robar ruwan da hannu biyu ta ajiye a kan tebur, ta saurari tarihin rijiya tun daga ranar da aka haƙa ta ba ta katse ba. Sannan ta nemi izinin Zaituna ta kwance ɗankwali, ta ce za ta ɗauki hoton fatar kai kawai, ban da fuska, kuma ba za a rubuta suna ba. Ta fito da wani ɗan madubi mai fitila kamar murfin kwalba, ta maƙala a wayarta, ta dinga ɗora shi a kan fatar, daga goshi zuwa gefe, zuwa tsakiya, zuwa ƙeya. Ta ɗan ja gashin tsakiya, ko ɗaya bai biyo hannunta ba. Ta tambayi haihuwa, da shayarwa, da ciwon da aka taɓa yi, da ko ana sa man miƙar da gashi. Sai ta zo kan kitso, ta tambayi wa ke yi mata.

"Ni ce," in ji 'Yardada, har da gyara zama. Ta ƙara da cewa in likita ta fita ta tambayi na kan bencin nan ma, duk hannunta ne.

Dakta Muhsina ba ta rubuta wannan ba. Ta dai juya wurin Zaituna ta tambaye ta ko kitson na yi mata zafi, kuma kwana nawa zafin ke yi. Zaituna ta kalli ƙasa. Ana barin halak don kunya, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ga kai a buɗe, ga fitila a kansa. Ta ce kwana huɗu yake yi, wani lokaci biyar. Ta ce ƙuraje kan fito a bakin kitson, kuma tun tana 'yar firamare ba ta taɓa kwana a rigingine ba a makon da aka yi mata.

Likitar ta juya wayar ta nuna wa 'Yardada. Ta ce ta duba tsakiyar kai, ga gashi cunkus, kowane sili da raminsa. Ta matsa zuwa gefe, ga ramukan nan amma gashin ya sirance, wasu silin da wani farin abu a naɗe a gindinsu, alamar ana jan su. Ta matsa zuwa goshi, nan kuwa fata ce sumul tana sheƙi, ramukan sun toshe, sai wani siririn layi na ƙananan gashi a can gaba, waɗanda suka tsira don sun yi gajartar da yatsa ba ya iya kama su.

"Mama, in tana wanke kai, ruwan nan goshi kaɗai yake taɓawa?"

'Yardada ta ƙura wa wayar ido. Ba ta iya karatun boko ba, amma kai ta iya karanta shi fiye da likitar. Ta ga inda sanƙon ya bi, ya lanƙwasa ta saman kunne, ya dawo. Layin da take fara kama shuku ne, ba ƙari ba ragi. Ko a cikin kai dubu za ta gane aikinta. Kunya da baƙin ciki suka kama ta a haɗe, kuma ba ta da wanda za ta ɗora wa.

Dakta Muhsina ta faɗi gaskiya ba kwana-kwana. Na goshi ya tafi, ba man da zai dawo da shi. Na gefe ana iya ceto shi, in an bar kan ya huta wata uku ba kitso, a riƙa shafa maganin da za ta rubuta, bayan nan kuma a yi sakwa-sakwa, wanda ba zafi. Ta ce zafi ba alamar kitso ya yi kyau ba ne, gashi ne ke neman agaji. 'Yardada ta yi godiya, ta ɗauki robar ruwanta, ta wuce ta gaban benci ba ta tsaya sallama ba. A bakin kwata ta tuttular da ruwan.

Ba ta tara mata ta ba su haƙuri ba, ba halinta ba ne. Jarka dai ta daina zuwa Dukawuya, Malam Tajuddeen kuma bai tambayi dalili ba. Sannan hannun 'Yardada ya saki. Ta koma barin gashin gaba a kwance, kitso ya yi mako biyu ya tashi. Sa'ida matar liman ce ta fara lura, ta ce ta koma gida ta yi barci a ranar, abin da bai taɓa faruwa ba, lalle akwai matsala. Kafin wata ya ƙare magana ta zaga unguwa cewa tsufa ya kama 'Yardada, hannunta ya mutu. Rabin matan suka koma wurin wata sabuwar makitsiya a bayan masallaci wadda aka ce tana sa mutum ganin taurari. 'Yardada ta ji duk abin da ake faɗa. Sunan da ta yi shekara talatin tana ginawa ne, kuma ya yi mata ciwo, amma ba ta gyara wa kowa zance ba.

Abin da ya fi damunta Alhamis ce. Ba kitso, to me zai kawo yarinyar nan? Ba ta da bakin da za ta ce ta zo don tana son ganinta. Ranar da Alhamis ɗin ta zagayo ta share tsakar gida, ta ajiye kujera inda take ajiyewa, ta ce wa kanta iska take sha.

Bayan azahar sai ga sallama. Zaituna ta shigo, ta gaishe ta a tsugune, ta cire mayafi, ta kwance ɗankwali, ta zauna a tabarma ta ɗora kai a cinyarta kamar kullum. Ta miƙo kwalbar maganin likita ta ce ita ba ta iya shafawa daidai ba, ba ta ganin gefen kanta.

'Yardada ta san akwai madubi har biyu a ɗakin Zaituna, ita ta saya mata su da aure. Ta karɓi kwalbar ta fara shafawa da kan yatsa, a hankali, abin da hannun bai saba ba. Ta daɗe tana kallon fatar goshin nan mai sheƙi kafin ta yi magana.

"Ke, shekara talatin yana miki zafi, me ya hana ki faɗa?"

"In na faɗa ai za ki daina, Inna."

'Yardada ta ci gaba da shafawa. Maganin na minti biyu ne, haka likita ta ce. Har aka kira la'asar ba ta gama ba, Zaituna kuwa tuni barci ya ɗauke ta a rigingine.