Kilishin da Na Kai wa Baba

Shekarar da na faɗi jarrabawar lissafi a Lyon, ba wanda na gaya wa a gida Damagaram. Wata ƴar ajinmu ce, ƴar Kambodiya, ta same ni ina kuka a matakala, ta ja ni zuwa ɗakin ƙungiyarsu ta ɗalibai mabiya addinin Buda. Na yi ta tirjewa. Ni da kallabina, me ya haɗa ni da ɗakin mutum-mutumi da turaren tsinke?

Akwai wani tsoho a can, malamin jami'a da ya ajiye aiki, yana koya wa ɗalibansu karatu duk Asabar. Baba nake ce masa, don bakina ya kasa sunansa. Bai taɓa cewa in zauna cikin ibadarsu ba. La'asar na yi sai ya dubi agogo ya ce, "Ɗiyata, je ki yi sallarki, lissafi ba ya gudu." Ni kuwa ga zafin kai. Ran nan na yi jifa da alƙalami na ce kaina ba ya ɗauka, a ƙyale ni. Ya duƙa da gwiwarsa mai ciwo ya ɗauko, ya miƙo mini, muka koma layin farko.

Na ci jarrabawa, na samu aiki a Paris. A wurinmu ba a zuwa godiya hannu rabbana. Na shiga kasuwar ƴan Afirka da ke unguwar Château Rouge na zaɓi kilishi mai kyau, wanda ya ji yaji, na hau jirgin ƙasa zuwa Lyon ina jin daɗin kaina. Baba ya karɓa da hannu biyu, ya sunkuyar da kai ya yi godiya. Amma sai na ga ɗaliban da ke ɗakin suna kallon juna. A bakin ƙofa ƙawar tawa ta raɗa mini cewa tun yana saurayi bai sa nama a baki ba, kuma ba a shiga da shi ɗakin nan. Wayyo ni! Shekara biyu ina cin shinkafarsu da ganye, ni duk zatona halin ɗalibai ne, babu ce ta sa.

Kunya ta hana ni komawa. Ya aiko mini da kati lokacin ƙaramar salla, ban amsa ba. Ya sake aikowa wata shekarar. Kullum sai in ce bari sai na samo abin da ya dace da shi, in je in wanke kaina. Haba, wace irin wauta ce wannan? Tafiyar awa biyu ce fa tsakaninmu.

Ƙawata ce ta kira ni wata Talata ina wurin aiki, ta ce Baba ya rasu, har an yi masa abin da suke yi wa mamatansu. Na je ranar taron addu'arsu, na raɓe a baya. Da aka tashi ta zo ta riƙe hannuna.

"Ya sha tambayata," ta ce, "wai me ya yi miki da kika ɗauke ƙafa. Ni kuma ban san amsar da zan ba shi ba."

Har yau abin na cina. Mutumin da ya tsamo ni daga ruwa ya tafi yana zaton shi ne ya yi mini laifi.