Gaya Ba Ƙasar Waje Ba Ce

Ɗana na fari tun yana ƙarami magana ba ta kwana a cikinsa. Ko bayan ya gama makarantar fasaha ya buɗe shagon gyaran rediyo a Gwadangaji, halin bai canza ba. Duk Juma'a sai ya shigo motar Argungu ya zo gida, ya ja kujera 'yar tsuguno kusa da ni ina tsintar shinkafa, ya ba ni labarin kowace rediyo da ta mutu da yadda ya tashe ta. Rabin abin ba na ganewa. Muryar nake saurare.

Wata Juma'a ya zo da takardu. Ya ce sojoji sun yaba da aikinsa, suna so ya riƙa gyara musu rediyon oba-oba, amma irin waɗannan kaya ba a taɓa su sai da kamfani mai rajista da lasisin hukuma. In lasisin ya fito kuma, Kaduna zai koma, can aikin yake.

"Inna, daraktoci biyu aka so. Ni ɗaya, ke ɗaya."

"Ni? Mi na sani ga oba-oba?"

"Ai kin iya sa hannu. Ko yaƙi da jahilcin na ado kinka yi?"

Na kai masa duka da faifai, ya kauce yana dariya. Sai ya shiga karanta tambayoyin yana juya mini su da Hausa. An taɓa ɗaure ni? A'a. Ina da dangi na kusa a ƙasar waje? Na ce babu. Ya yi maki, na rubuta sunana a hankali, harafi bayan harafi.

Ni a wajena ƙasar waje ita ce inda ake zuwa da jirgi. Ƙanwata kuwa, uwa ɗaya uba ɗaya, tana aure a Gaya ta Nijar tun kafin a haife shi. Mota muke shiga mu bi ta Kamba, mu yi azahar a ɗakinta. Ko a raina ban kawo ta ba, shi ma bai kawo ba.

Bayan wasu makonni jami'an tsaro biyu suka zo bincike, cikin kayan gida, masu ladabi. Na shimfiɗa musu tabarma, na kawo ruwa da cukwi.

"Ku taɓa, ƙanwata ta aiko daga Gaya."

Babban ya tsaya da cukwi a hannu. "Inna, wace Gayar? Ta Kano?"

"A'a, wagga ta bayan Kamba."

"Ga shi a takarda kin ce ba ki da kowa a ƙasar waje."

"To, Gaya ƙasar waje ta?"

Ƙaramin ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Babban bai yi ba. Ya ce a hankali, a irin wannan harka amsar da ba daidai ba tana tsayar da komai, ko da ba da gangan aka ba da ita ba.

Juma'ar da ta biyo yaron ya zo ya zauna, bai ba ni labarin rediyo ko ɗaya ba. Bai zarge ni ba, da ma ya zarga. Zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: wani sashe na zuciyata ya yi murna. In lasisi bai fito ba, yana nan kusa da ni. Kwana biyu ina riƙe da wannan murnar ina istigfari.

Ranar Litinin ban gaya masa ba, na shiga mota zuwa Birnin Kebbi, na hau keke napep har ofishin jami'an. Na roƙi takarda da biro. Sai da na ɓata takarda biyu. Na rubuta cewa kuskuren nawa ne, ba na yaron ba. Na sa sunan ƙanwata da na mijinta da unguwarsu. Babban ya karanta har sau biyu, ya tura ni kotu na yi takardar rantsuwa.

Lasisin ya fito bayan an yanke shinkafa. Ashe cikin takardun da ya sa wa hannu har da alkawarin riƙe sirri.

Yanzu yana kirana daga Kaduna, ba ya fashi.

"Ya aiki?"

"Da godiya, Inna."

"Mi ka gyara yau?"

"Inna, kin san ba a hwaɗi."

Sai mu koma zancen zafi da ciwon gwiwata. Ƙanwata tana zuwa daga ƙasar wajen tata sau biyu a shekara, ta kwana tana zuba mini labari har in gaji. Shi kuwa da ke cikin ƙasa, ban san da me yake wuni ba, ni da sunana ke kan takardar kamfanin.

Rediyona ta mutu tun kafin azumi. Maƙwabciyata ta ce in kai kasuwa, akwai mai gyara, ba zai ɗau lokaci ba. Na ce a'a. Na naɗe ta a tsohon ɗankwali na sa a ƙasan gado, sai ya zo Babbar Sallah. Wannan dai ba ta soja ba ce. Zai zauna a kujerar nan ya buɗe cikinta, ya faɗa mini abin da ya kashe ta tun daga farko har ƙarshe.