Ranar Da Aka Ga Sunan Alhaji A Shafin Caca

Akwai wata Litinin da ba na jin zan manta da ita muddin ina raye. A lokacin ina da ɗan buro, wato ƙaramin ofishi, a Gazawa, ina buga wa mutane takardu, ina kuma kula da shafin intanet na wata ƙungiyar manoman irin wake da gero. Shugaban ƙungiyar aminin mahaifina ne, dattijo mai yawan kawaici, wanda yakan ja salla a masallacin unguwa in liman ba ya nan. Kowa Alhaji yake ce masa, ni kuwa Baba.

Da hantsi ya sauka daga babur ya shigo. Na kawo masa ruwa, bai sha ba. Ya ce, "Ɗana, me ka zuba a shafin nan namu?"

Na ce, "Hotunan iri ne, Baba, da bayanin ƙungiya."

Sai ya faɗa mini abin da ya kawo shi. Ɗansa yana neman aure a Agye, dangin yarinyar sun shiga bincike kamar yadda aka saba. Wani kawunta ya rubuta sunan Alhaji da na ƙungiya a injin bincike na salularsa, abin da ya fara fitowa tallar caca ne, da hotunan da ba a nuna wa dattijo. Har maganar ta kai kasuwar Gangara, ana cewa ƙungiyar rufa-ido ce.

Na buɗe shafin a gabansa. Komai lafiya lau, ga buhunan wake, ga gonar gwaji. Na ce masa wataƙila kawun ya yi kuskure. Ya dube ni ya ce, "An nuna mini, na gani da idona. Ni ban san aikinku ba, amma ka sake dubawa."

A nan na tuna da wata dabara da aka koya mana a lakol, wato makaranta, a Maradi, wadda ban taɓa ɗaukarta da muhimmanci ba. In ka rubuta site: ka liƙa adireshin shafi a gabanta, injin zai jero maka duk abin da ya sani a ƙarƙashin wannan adireshin kaɗai. Na buga. Shafukan da na rubuta da hannuna ba su da yawa, amma ga jeri ya fito ina ta ja ƙasa bai ƙare ba, duk na caca, wasu ma da harsunan da ban iya karantawa. Wani ne daga nesa ya fasa ya shigo, ya ɓoye su yadda mai shigowa kai tsaye ba zai gani ba, sai wanda ya biyo ta bincike. Na ƙara sunan Alhaji cikin alamar zance, wato a nemo shi daidai yadda yake, sai ga shi a saman kowanne, domin sun ari kan shafinmu mai ɗauke da sunan shugaba.

Na juya masa kwamfutar na bayyana masa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To, ɓarawo ya shiga rumbu. Ana iya fitar da shi?"

Na ce ana iya, amma ba yau ba.

Na share ƙazantar, na canja kalmomin sirri, na aika wa injin buƙatar ya cire tsofaffin shafukan daga jerinsa. Tunda na riga na sa hannu, na gyara har kanun shafukanmu, na rubuta Gazawa da Gazaoua, wake da niébé, don mai nema da Hausa ko Faransanci ya same mu. Kullum da safe ina sake buga site: in ga jerin yana raguwa. Wani lokaci ina sa alamar ragewa a gaban kalmar wake, don a ware namu a bar mini baƙin da suka rage.

Alhaji bai jira an gama ba. Ya ce in ɗauko kwamfuta mu tafi Agye. A zauren mahaifin yarinyar na nuna musu komai, kawun yana zaune yana kallo. Da na gama, mahaifin ya ce, "Alhaji, da ka aiko ma ya isa." Alhaji ya ce, "Abin da aka gani da ido, da ido ake wanke shi."

An ɗaura auren bayan kaka. Sai dai manoman wani ƙauye da suka fice daga ƙungiyar a waɗannan makonni ba su dawo ba har yau, kuma na san abin yana cin Alhaji ko da bai faɗa ba.

Tun daga ranar na daina cewa shafi lafiya yake don kawai na buɗe na ga lafiya. Duk abin da aka ba ni amana, nakan fita waje in neme shi kamar baƙon da bai san ni ba, domin abin da baƙo ya gani shi ake faɗa a kasuwa.