A Ƙaro Mini Tuwo

A gidan hayarmu na unguwar Abbasiya akwai gwangwanin kuka a saman kabad, ba mai taɓa shi. Mu ɗaliban Hausa da ke karatu a Alƙahira muna da wata al'ada: ba a faɗa wa mutum rasuwa da yunwa a cikinsa. In labari ya iso daga gida, sai a tuƙa tuwon masara, a kaɗa miyar kuka, a sa shi gaba ya ci ya ƙoshi. Sai ya wanke hannu, sannan babban cikinmu ya yi gyaran murya. Ni ne mai tuƙin, don na fi kowa hannu. Sauran ranaku kuwa wake ne da burodi, har su fita ran mutum.

Shekarar da bangon Berlin ya faɗi, rediyo ya zama abokin cin abincinmu. Gwamnatocin gurguzu na ta zubewa ɗaya bayan ɗaya. Abokin ɗakina, wani Bakano mai shegen baki, kullum in ya murɗa rediyon sai ya ce, "Yalla, mu ji, yau kuma wa aka tuɓe wa rawani?" Yakan ce shugabanninmu su shafa wa gemunsu ruwa, na 'yan'uwansu ya kama wuta. Yanzu masana na cewa guguwa ɗaya ce ta taso daga can ta iso har ƙasashenmu. Ni a lokacin abin nishaɗi na ɗauke shi, kamar dambe a wani gari.

Ƙanena yana jami'a a Yamai. Ya aiko mini da kaset ta hannun wani matafiyi, muryarsa har rawa take don zumuɗi.

"Yaya, kana can kana haddar nahawu, duniya tana juyawa. Mutanen ƙasashen gurguzu da maci kawai, da ƙafa, suka ture mulkin jam'iyya ɗaya. Mu ƙafafunmu na katako ne?"

Haushi ya kama ni. Yaron da ni na koya masa ɗaura zariya!

Bayan 'yan watanni rediyo ya ce ɗalibai sun yi maci a Yamai, an yi harbi a kan gada, wasu sun mutu. Ba a faɗi suna ba. Abokin ɗakina ya kashe rediyon. Na yi ta zarya zuwa ofishin waya, layi ba ya shiga. Mai haɗa layin ya riƙa ce mini, "Ma'alish, yi haƙuri, ka dawo gobe." Ina zuwa aji, ina rubutu, ina hawa bas ina sauka. Ban ji tsoro ba, ban ji komai ba, jikina ne kawai yake zirga-zirga.

Wata rana bayan azahar na dawo, tun daga kan bene na ji ƙamshin daddawa. Takalma sun cika ƙofar ɗakinmu. Na tsaya ina lissafin wanda mahaifinsa ba shi da lafiya a cikinmu. Sai na tuna ba a kira ni tuƙi ba.

Babban namu, wani dattijo da ya daɗe a Masar, ya ce, "Bismillah, malam, matso."

Tuwon duk gudaji ne, Bakanon ne ya tuƙa. Na ci, ban ji ɗanɗanonsa ba. Kowa ya tsame hannu, ni ina ci. Na san dokar, ni da na sha tuƙa wa wasu: muddin hannuna yana cikin kwano, ba mai buɗe baki, ƙanena kuma yana nan da rai a Yamai yana surutun ƙafafun katako.

Da kwanon ya ƙare na ce, "A ƙaro mini."

Suka dubi juna. Dattijon ya ce, "A ƙara masa."

Na cinye wannan ma, loma ƙanana, ina taunawa a hankali. Na ce a kawo tukunyar. Na kankare ƙanzo da cokali, har ƙarar ta cika ɗakin, har ba abin da ya rage.

Bakanon ya durƙusa gabana da buta da kwanon wanke hannu, hawaye na zuba masa. Ya ce, "Ɗan'uwa, khalas, ya isa haka. Kawo hannun."

Na miƙa masa.