Sun Bar Mini Amshi

Har yau idan na ji an ce wai wani mawaƙi ya san zuciyar mata, sai raina ya ɓaci. Ina da dalilina.

Ina aji uku a jami'a, a Samaru, na rubuta wata waƙa. Lokacin kaset na tashe, kowane shagon aski da kowace bas waƙoƙin fim suke saki, kuma duk kanwar ja ce: ina sonki, ina sonka, a yi ta guje-guje a lambu. Tawa a kan yayata na yi ta, malamar firamare a Palladan. Da asuba take tashi ta yi girki, ta yi wa yara wanka, ta yini tana fama da 'ya'yan mutane, ta dawo ta ɗora tuwo, sannan mijinta ya dube ta ya ce wai me ta yi da take kukan gajiya. Burina kawai a ji wannan magana daga bakin mace, da muryata.

Wata ƙawata ta kwatanta mini situdiyo a Sabon Gari, bayan masu sayar da kayan gyaran babur. Ɗaki ne ƙarami, an manna soso a bango, ga fiyano, ga kwamfuta. Mai wurin ya saurara yana gyaɗa kai, ya ce, "Ƙanwata, wannan za ta shiga kasuwa." Ya sa kiɗa, na rera baitocin duka, sannan ya ce in maimaita amshin shi kaɗai. Na fito kamar wadda aka ba kujerar Makka.

Ashe a wurinsu namiji ne ke jan baiti, mace ta yi amshi. Abin da na rera wai gwaji ne, don mawaƙinsu ya saurara ya hau kai. Da kaset ya fito, hoton wani gaye na gani da baƙin tabarau, ga sunansa ɓaro-ɓaro. Shi ne ke kukan gajiyar yayata, mutumin da na tabbata bai taɓa tuƙa tuwo ba. Ni kuwa muryata mai kauri ce, tun a Islamiyya ake tsokanata da ita. Sun sa kwamfuta ta matse ta har ta koma siririya kamar ta sauro, suka bar ni a amshi.

Na koma situdiyon, na sami mai wurin.

"Oga, ina baitocina?"

"Ga su nan, ko kalma ba a taɓa ba."

"A bakin wa?"

Ya yi dariya. "Haba ƙanwata, ai haka ake yi. Mace ta ja baiti tana ƙorafin miji? 'Yan kasuwa ba za su ɗauka ba, cewa za a yi fitsara ce. In namiji ya faɗa kuwa, sai a ce tausayi ne. Asirinki ma na rufa, kar a ce 'yar mutane ta zama mawaƙiya. Ku 'yan jami'a da wannan feminisancin naku na neman 'yancin mata!"

Na gaya masa maganganun da ba zan iya rubuta su a nan ba. Daga ranar na rantse na bar waƙa, na koma rubutun littafi, inda ni zan duba kowane shafi kafin ya fita. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, kasuwar ta gaskata shi. Waƙar ta yi tashe har a gidajen biki.

Wata rana na shiga bas daga Sabon Gari zuwa Samaru, direba ya saka ta. Wata mata kusa da ni, sa'ar mahaifiyata, da buhun kayan miya a cinya, ta yi ajiyar zuciya.

"Allah ya yi wa yaron nan albarka," in ji ta. "Kamar a gidana ya kwana."

Na ce, "Baba, ni na rubuta ta."

Ta dube ni sama da ƙasa. Kwandasta ya ce shi kuma shi ya yi kiɗan, bas ta ɗauka da dariya. Sai zuciya ta ɗebe ni, na ɗaga murya na kama baiti na gaba tun kafin mawaƙin ya iso wurin, da muryata ta ainihi, ban yi kuskuren ko kalma ba.

Matar ta dafa mini gwiwa, cikin lallashi ta ce, "Haba 'yata, yi mana shiru mu ji mai waƙar."