Sawun Yatsu a Jikin Tubali

Lokacin da Hajiya, mahaifiyata, ta kawo mana ziyara a garin Fort Washington na Amurka, an riga an gama magana a Zariya: ƙaninta, kawuna, zai rushe soron kakanmu bayan salla ya jera shaguna na bulo. Na yi magiya har na gaji. Ita kuwa ta ce ginin ƙasa ya ci zamaninsa, in daina tada jijiyar wuya. Dama aikina bai taɓa burge ta ba. A ganinta na sha wahalar karatun zanen gine-gine ne kawai don in ƙare a facin kangon Turawa.

Ran nan na lallaɓa ta zuwa gidan da muke gyarawa, wani tsohon gidan gona a bakin kogin Potomac, wanda doka ta hana a canza masa ko ƙusa sai da izini. Ta tuɓe takalmi a ƙofa ta rangaɗa sallama, alhali ba mai kwana ciki. Ta tsaya a dogon falon tsakiya mai ƙofa gaba da baya, iskar kogi na ratsawa, ta ce ai wannan zaure ne, bene kawai suka ɗora masa. Kaurin bangon ma sai da ta auna da kamu. Tagogin ne ta taɓe wa baki, wai gida ba sirri.

A can baya, jikin madafi, na nuna mata jan tubalin da bayi suka buga da hannu, wasu har yau da sawun yatsunsu. Na ja mata kunne cewa baƙi ba sa taɓawa. Hajiya ta yi kamar ba da ita nake ba, ta sa yatsunta a gurbin, ta daɗe a haka. Ta tambaya ko an san sunan mai hannun, na ce ba a sani ba.

"Mu kuwa mun san namu," in ji ta. "Hannun babana na nan a yaɓen soro, dama da ƙofa."

Muna shiga mota ta sa na kira kawu. Ko gaisuwa ba ta bari ya ƙarasa ba.

"Kada wanda ya taɓa soron nan. Ga mai faci nan tafe."

Daɗi kamar ya kashe ni. Ina tuƙi ina share hawaye har na wuce kwanar gidanmu, Hajiya na mitar ko hanya ban sani ba.